Dokar Sabuwar Ciyawa

A daminar da kyarketai suka gangaro daga tsaunukan arewa, babu wanda ya ƙara yin kiwo cikin natsuwa a Dajin Gamji. Sai ka yagi ciyawa baki ɗaya, ka ɗaga kai, ka kasa kunne, sannan ka haɗiye. Iyaye mata suka daina sakin 'ya'ya zuwa mashaya. Ciyawa ta yi kore shar, ruwa ya cika kowane kududdufi, amma dabbobi sai ramewa suke yi. Inda abin ya fi muni kuwa shi ne Kwarin Kanya, ƙasar dangin gada, domin ita ce a bakin iyaka, ɗan ƙaramin rafi ne kawai tsakaninta da kyarketai.

To, kada wani ya zaci ba mu da gata. Mu masu kofato muna da ƙawancen yaƙi, kuma irinsa ba a taɓa yi ba, in ji mu. Ƙawancen Kofato ake ce masa, ƙasashe tara, rantsuwa ɗaya: duk wanda ya ciji ɗayanmu, mu duka ya ciza, kuma mu duka za mu taso masa. Ana maimaita rantsuwar nan a farkon kowane zama a gindin babban gamji, da murya ɗaya, har ganye ya motsa. Wallahi in ka ji mu a lokacin, sai ka tausaya wa kyarkeci.

Wakilin dangin gada a majalisar shi ne Arzika, wani ɗan ƙaramin dattijo mai sulɓin jiki. Ƙahonsa bai fi ƙayar aduwa tsawo ba, amma a baki babu mai kama ƙafarsa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a gindin gamji yana jawabi, har ya manta yadda ake gudu.

Ga yadda ake aiki a majalisar. Da yake mafi yawanmu masu tuƙa ne, ba ma yarda da abincin da aka tauna sau ɗaya, don haka ba ma yarda da maganar da aka ji sau ɗaya. In aka kawo ƙara, ranar farko a saurara, a haɗiye ta. Sai ta kwanta a tumbi kwana bakwai. Ran na bakwai a dawo da ita baki, a tuƙa, sannan a yanke hukunci. Haka muka gada, kuma da a nan aka tsaya, da da sauƙi.

Shekara tara da suka wuce kyarketai suka afka wa ƙasar gyado. Arzika ya duba ya ga in aka tashi yaƙi, samarin gada ne za a tura su mutu a bakin ramukan wasu masu birgima cikin taɓo, waɗanda ko gaisuwar kirki ba su iya ba. Sai ya miƙe a majalisa ya yi wani jawabi da har yau ake labarinsa. Ya ce ciki ba ya tuƙa tsohuwar ciyawa alhali sabuwa tana shigowa. Saboda haka in wani sabon labari ya iso gindin gamji kafin cikar kwana bakwai, to sabuwar ciyawa ce, dole a haɗiye ta tare da tsohuwar, a fara lissafin kwanaki daga fari. Kai, ranar an sha buga kofato a ƙasa! Aka sa wa abin suna Dokar Sabuwar Ciyawa, aka ɗauke Arzika daga ɓangaren rana aka mayar da shi inuwa, kusa da saiwar gamji. Ƙarar gyado ta yi wata huɗu a tumbi, don kullum akwai sabon mamaci. Kafin a tuƙa ta, kyarketai sun ƙoshi sun koma gida da kansu, mu kuma muka yi bikin nasara.

Yanzu ga shi abin ya zagayo Kwarin Kanya. Arzika ya tsaya a gaban majalisa ya ce kyarketai sun tsallako rafi sun cinye gada biyar, ya nemi a cika rantsuwa, a tura runduna.

Shugaban majalisa, Jarmai Ɓauna, ya yi gyaran murya. Shi ne mai dakarun da ake taƙama da su, kuma ba ya bari a manta.

"Ya ku 'yan'uwa masu kofato," in ji Jarmai, "ina so kowa ya ji, har waɗanda ke bayan tsauni su ji. Taku ɗaya na ƙasar Kwarin Kanya ba za mu bari ba. Ko ganye ɗaya! Amma bari in faɗi abin da ke raina. Kullum ƙahon ɓauna ne a gaba. Shekara nawa muna roƙo kowa ya wasa ƙahonsa? Wasu a cikinmu nasu ƙahon na ado ne, ban dai kama suna ba."

Bai kama suna ba, amma idonsa yana kan Arzika. Arzika ya yi kamar yana korar ƙuda.

Sai Dogara Raƙumin Dawa ya sunkuyo da wuyansa daga sama. Aikin ƙasarsa a ƙawancen shi ne leƙen abokan gaba, kuma ba a taɓa ganin ɗan ƙasarsa a fagen fama ba.

"Mu dai mun hango," in ji Dogara. "Tun bara mun hango. Kuma ina tabbatar wa ɗan'uwana Arzika cewa za mu ci gaba da hangowa, babu gajiyawa. Wannan alkawari ne."

Na ƙarshe shi ne Shekarau Gwanki, mai taushin murya. Kowa ya san ƙasarsa tana shan ruwa a tafki ɗaya da kyarketai, su da safe, shi da yamma, kuma shekara da shekaru ba a taɓa cin gwanki ko ɗaya ba. Kowa ya sani, babu mai faɗa.

"Zuciyarmu tana tare da dangin gada," in ji Shekarau. "Sai dai ina roƙon kada a yi gaggawa. Shin cizo ne aka yi, ko kuwa saɓani ne irin na maƙwabta? Kyarketai ba tashi za su yi daga bayan tsauni ba, mu ma ba tashi za mu yi ba. A bar ƙofar tattaunawa a buɗe."

Aka haɗiye magana. Arzika ya koma inuwarsa yana lissafi, ya ce kwana bakwai ba wani abu ba ne, jama'arsa za su jure.

Ran kwana na biyar wani magidancin gada ya faɗo gindin gamji a guje, yana haki, yana ihu cewa an ƙara cinye uku.

"Assha! Assha!" in ji Shekarau Gwanki, yana girgiza kai. "Allah ya ji ƙansu. Ranka ya daɗe, ina jin wannan sabuwar ciyawa ce." Ya juyo wajen Arzika ya ɗan rusuna. "Kamar yadda mai girma Arzika ya karantar da mu."

Aka haɗiye, aka fara lissafi daga fari. Karo na biyu sai da aka kai kwana shida cur, saura kwana ɗaya, wani ɗan aiken ya sake isowa da sunayen mamata huɗu. Aka sake haɗiyewa. Arzika ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne dokar ba ta da aibi ko ɗaya ta fuskar tsari. Ya juya ta gaba, ya juya ta baya, yana neman ɓarakar da zai bi ya fita, babu. Ya ce a ransa, "Arzika, ashe ka iya aiki. Da ma rabin wannan ƙwarewar ka sa wajen wasa ƙaho."

Da rana ta take ya fita ya rasa inda zai sa kansa, ƙafa ta kai shi bakin wani taɓo. A ciki Cindo Gyado yake kwance, wakilin ƙasar gyado, wanda shekara tara rabonsa da amsa gaisuwar Arzika. Shi Cindo, bari in tona masa asiri, gyado ba ya tuƙa, Allah bai yi shi da irin cikinmu ba. In an zo ranar tuƙa sai ya zauna yana motsa muƙamuƙi a banza, don kada a ce ba ɗan gida ba ne. Kowa ya gane, amma ana yaba masa ƙoƙari.

"Malam Arzika," in ji Cindo, ko tashi bai yi ba. "Yaya dokarka? Tana aiki?"

"In dariya za ka yi mini, yi. Na cancanta."

"Na riga na yi ta tun makon jiya. Ba ta yi daɗin da na zata ba." Cindo ya juya ɗaya gefen. "Zauna in faɗa maka abin da na gano a lokacin namu, sai dai na gano shi a makare. Majalisa ba ta san abin da ba a faɗa a gindin gamji ba. In ɗan aike bai iso ba, to ba a ci kowa ba."

Arzika ya zauna a bakin taɓon.

"Ni zan kwanta a mararrabar da ke zuwa daga Kwarin Kanya," in ji Cindo. "Duk wanda ya zo da labari, in tsare shi, in mayar da shi. Kai kuma ka rufe bakin nan naka kwana bakwai, in za ka iya. Na san shi ne mai wuyar."

"Me ya sa za ka yi mini haka, Cindo? Bayan abin da na yi muku?"

"Kada ka ɗauka son ka nake yi. In suka gama da ku, ramina ne na gaba."

Haka aka yi. Cindo ya baje a mararraba kamar buhun da aka yar, yana tare 'yan aike. Kowace safiya sai Arzika ya je ya karɓi sunayen mamata. Wani tare suka yi wasan tsalle suna yara, wata ita ta yi masa rakiya ranar da zai tafi majalisa. Ya haɗiye su shi kaɗai, ya dawo gindin gamji, a tambaye shi mutanen gida, ya ce lafiya lau. Ciyawa ta daina shiga bakinsa. Sulɓin nan ya tafi, haƙarƙari ya bayyana, har Dogara ya yaba masa cewa ya koma saurayi.

Kwana ɗaya, biyu, uku, har shida, babu sabuwar ciyawa. Jarmai Ɓauna ya sa dakarunsa suka fara taruwa a fili suna goga ƙaho a jikin itace. Arzika ya gan su, baƙi ƙirin, sun fi ɗari, ƙasa tana girgiza in sun motsa. Ya ji hawaye ya cika masa ido. Gobe da tsakar rana za a tuƙa, jibi waɗannan suna Kwarin Kanya.

Ran na bakwai da hantsi ya isa mararraba, ya tarar da Cindo a tsaye, abin da ba a saba gani ba.

"Wannan ta fi ƙarfina," in ji Cindo. "Na ce ta koma, ta ce sai dai in taka ta."

A bayansa Tabawa ce, ƙanwar Arzika, uwa ɗaya uba ɗaya. Kunnenta na hagu babu shi, sai wani tsumma-tsumma da jini ya bushe a kai. Ƙafar baya ɗaya tana jan ƙasa. Arzika ya matsa kusa da ita.

"Tabawa! Ina yara?"

"Nomau da Dudu?" Ta faɗi sunayen a hankali. "Shekaranjiya, a bakin rafi. Na kama Dudu ta ƙafa ina ja, suna ja. Sun fi ni ƙarfi, Yaya."

Arzika ya durƙushe. Dudu ita ce wadda bai taɓa gani ba, an haife ta yana majalisa, kullum yana cewa in zama ya ƙare zai je.

"Tashi, ba kuka ya kawo ni ba," in ji Tabawa. "Waɗanda suka rage sun shige sarƙaƙiyar gindin dutse, sun toshe baki da ƙaya. Kyarketai suna zagaye, kullum suna ɗan jan ƙayar. Kwana biyu, in ya yi yawa uku. 'Yan aike shida muka turo, duk sun dawo sun ce wani gyado ya kore su. Shi ya sa na zo da kaina. Nuna mini gindin gamjin nan, in faɗa musu da bakina."

Nan fa Arzika ya zauna yana yi wa ƙanwarsa bayanin Dokar Sabuwar Ciyawa. Ya yi bayanin tumbi, ya yi bayanin kwana bakwai, ya yi bayanin yadda ake komawa fari. Tunda yake bai taɓa jin dokar da kunnen wanda ba ɗan majalisa ba sai ranar. Tabawa ta saurara har ya gama.

"Wato in na ce an ci 'ya'yana, ba za su zo ba."

"Sai bayan kwana bakwai."

"In na yi shiru, su zo."

"Gobe-goben nan."

"Wane mahaukaci ne ya kawo wannan doka?"

Cindo ya juya yana kallon sama. Arzika ya ce, "Wani ne. Ya daɗe a majalisa."

Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, kuma ya san ta gane. Ya kai ta bayan wani suri kusa da gamji, ya roƙe ta ta kwanta a nan, kada ta motsa sai rana ta karkata.

Da tsakar rana majalisa ta cika. Aka yi rantsuwa, ganye ya motsa. Jarmai Ɓauna ya miƙe don yin tambayar da al'ada ta ce a yi sau uku kafin a fara tuƙa.

"Akwai sabuwar ciyawa?"

"Babu, ranka ya daɗe," in ji Arzika.

"Akwai sabuwar ciyawa?"

"Babu."

Jarmai ya ja numfashi zai yi ta uku, sai ga wuyan Dogara yana saukowa daga sama.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Mun hango wani abu a bayan suri."

Kash! Shekara goma sha ɗaya Dogara yana hange, bai taɓa hango abin da ya amfani kowa ba, sai yau ya ga dama ya yi aikinsa. Aka aika aka zo da Tabawa. Ta shigo tsakiyar fili tana jan ƙafa, ƙudaje suna bin kunnen.

"Ƙanwata ce," in ji Arzika da sauri. "Gaisuwa ta zo. Ƙaya ce ta yage ta a hanya, kun san hanyarmu."

Shekarau Gwanki ya matso, muryarsa kamar mai lallashin jinjiri.

"Sannu, baiwar Allah. Sannu da hanya. Daga Kwarin Kanya kike?"

"Daga can nake."

"Yaya kika baro gida? Faɗi gaskiya, kada ki ji tsoron kowa, nan gidanku ne."

Tabawa ta dubi yayanta. Arzika bai iya haɗa ido da ita ba, ƙasa yake kallo, yana roƙonta a zuci.

"Lafiya lau," in ji Tabawa.

"Babu wani abin tashin hankali a kwanakin nan?"

"Babu."

"Madalla. Kina da iyali? Yaya yara?"

Arzika ya ji numfashinta ya tsaya. Da za a ba shi zaɓi a lokacin, da ya gwammace kyarkeci ya kama shi ta wuya.

"Suna lafiya," in ji Tabawa. Muryarta ba ta yi rawa ba. "Suna gaishe ku."

Arzika ya saki ajiyar zuciya. Ta yi! Wallahi ta yi abin da shi kansa bai tabbata zai iya ba. Jarmai ya yi tambaya ta uku, aka ce babu, aka dawo da magana baki, muƙamuƙai suka fara motsi, har da na Cindo.

Sai Shekarau ya nemi izinin magana.

"Ranka ya daɗe, 'yan'uwa, yau ranar farin ciki ce. Kwana bakwai cur babu ɗan aike ko ɗaya daga Kwarin Kanya. Mai girma wakili da kansa kullum yana shaida mana lafiya lau. Yanzu kuma ga 'yar gari, uwa mai 'ya'ya, ta tabbatar da bakinta. Me wannan yake nufi? Yana nufin tsayuwar dakan da wannan ƙawance ya yi ta razana abokan gaba. Sun ji muryarmu, sun ja da baya, ba tare da an zubar da jinin ɗan ɓauna ko ɗaya ba. To in mun tura runduna yanzu, wa za ta yaƙa? Ai tsokana ke nan. Ina ba da shawara a sallami dakaru, a aika wa dangin gada saƙon taya murna."

Kofato ya fara sauka a ƙasa, ɗaya, biyu, sannan duka. Dogara ya ce su ma sun hango alamun haka. Wakilan da ba su taɓa son tafiya ba suka yi ta gyaɗa kai, fuska ta saki. Jarmai kansa ya yi murmushi, don ba ƙaramin daɗi ba ne a ce tsoronka kaɗai ya kori maƙiyi.

Arzika bai san lokacin da ya diro tsakiyar fili ba.

"Ƙarya ne! Ƙarya muka yi, ni na sa ta! Ku dubi kunnenta, wace ƙaya ce take cin kunne? 'Ya'yanta biyu shekaranjiya aka cinye su a gabanta! Goma sha tara aka ci a kwana bakwan nan, ga sunayensu a cikina!" Ya fara jero su, ɗaya bayan ɗaya, muryarsa tana tsinkewa. Babu salon jawabi, babu gabatarwa, babu mai girma kaza. Da ya kai kan Dudu sai ya kasa ci gaba.

Jarmai Ɓauna ya sunkuyar da kai, kuma in za a faɗi gaskiya, ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Arzika," in ji shi, "ka tabbata?"

"Na rantse, ranka ya daɗe."

"To ai..." Jarmai ya dubi hagu, ya dubi dama, ko wani zai ɗauke masa faɗar. Babu wanda ya ɗauka. "To ai wannan sabuwar ciyawa ce."

"A soke dokar! Ni na kawo ta, na janye ta, na tofar!"

"Shawara ce mai kyau," in ji Shekarau a hankali, "kuma ni zan goyi bayanta. Sai a haɗiye ta yau, ran na bakwai a tuƙa."

"Ranka ya daɗe, kwana biyu suka rage wa jama'ata. Ga dakarunka can a fili, na gan su da idona. Kai kaɗai ka isa. Ka ce su tashi!"

"Wallahi a shirye suke," in ji Jarmai. "Ni ma jinina tafasa yake yi. Amma in babba ya taka doka yau don ya ga dama, gobe wa zai yarda da ƙawance? Tsarin nan shi ne ƙarfinmu, Arzika. Kai ka sha faɗa mana haka."

Ya sha faɗa kuwa. Har ya tuna ranar da ya fara faɗa, da irin kofaton da aka buga masa.

Aka haɗiye magana biyu a zama ɗaya, aka ce ba a taɓa aiki mai yawa haka ba. Aka miƙe tsaye minti ɗaya don girmama mamata. Kafin a zauna, Tabawa ta riga ta juya ta kama hanya tana jan ƙafa. Arzika ya dubi wurin zamansa a inuwa, inda jikinsa ya yi wa ƙasa ɗan gurbi, sannan ya bi bayanta.

A mararraba Cindo ya cim musu, yana huci.

"Ina da samari goma sha biyu masu haure," in ji shi. "Da zan iya, da na ba ka su. Amma ka san ƙa'ida, in magana tana tumbi, duk ƙasar da ta tashi ita kaɗai ta fita daga ƙawance. In na fita, ranar da suka zo ramina ba ni da kowa."

"Yanzu kana da wa?" in ji Tabawa.

Cindo ya kawar da kai. Ya tsaya nan a mararraba yana tona ƙasa da hanci, har suka yi nisa.

Tafiyar ba ta yi sauri ba. Ita ƙafa uku gare ta, shi kuwa huɗun nasa sun manta hanya, kowane ɗan tudu sai ya tsaya ya huta. Sau biyu ya fara ba ta haƙuri, sau biyu ta ce ya adana numfashinsa.

"Me za ka yi in mun isa?" ta tambaye shi. "Ka iya faɗa?"

"Ban iya ba."

"Gudu fa?"

"Da dai."

"To me ka iya, Yaya?"

"Jawabi," in ji Arzika. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ita ko murmushi ba ta yi ba.

Washegari da hantsi suka iso Kwarin Kanya ta bayan dutse, inda iska ba ta kai warinsu ga kyarketai. Kanya ta nuna ta zube a ƙasa tana ruɓewa, babu mai ci. Tabawa ta yi ɗan fito a bakin sarƙaƙiya. Kawuna suka fara leƙowa ta tsakanin ƙaya, ƙanana da manya, idanu duk sun faɗa. Arzika ya duba ya ga ba su kai rabin waɗanda ya bari ba.

Wata tsohuwa, Inna Kande, wadda ta goye shi yana ƙarami, ta turo kai ta gane shi.

"Arzika! Kai ne da kanka? Alhamdu lillahi! Jama'a, wakili ya iso! Ai na faɗa muku ba zai bar mu ba. Su Jarmai suna baya ko?"

Arzika ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, bakinsa ya kama aiki da kansa.

"Da farko dai, majalisar Ƙawancen Kofato ta umarce ni in miƙo muku gaisuwa ta musamman, tare da tabbacin cewa zuciyarta..."

Ya ji abin da yake faɗa, ya tsaya. Ba ma wanda yake sauraronsa. Duk sun miƙa wuya suna kallon hanyar da ke bayansa, iyaye suna ɗaga yara su gani.

"Ku yi maza," in ji Inna Kande, tana turin na kusa da ita. "Ɓauna manya ne, wannan 'yar ƙofar ba za ta ishe su ba. Ku janye ƙayar, ku buɗa musu hanya."

Suka kama ƙayar da baki suna ja, da murna, reshe bayan reshe, har haske ya fara shiga cikin sarƙaƙiyar. Tabawa ta juyo ta zuba masa ido, tana jira.

"Ku mayar da ƙayar, Inna," in ji Arzika. "Ni kaɗai ne."